Waiwaye: Tantan Ba Ta Ƙin Tashi Haka Kawai

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Tambuwal da Kebbe a ƙarshen shekarun 1970 ba zai manta da jajayen Massey Ferguson ba. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari ya biyo da nasa shirin bunƙasa noma. A zamanin ana harhaɗa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Yau daga Dogon Daji har Kuchi za ka tarar da irin waɗannan motocin noma a jibge, tayoyi sun nutse a ƙasa. Ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: ta daina tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne da yawansu injinsu da sauran ƙarfi lokacin da aka yasar da su.

Akwai wani tsohon bakanike a Tambuwal, bakin titin Sakkwato zuwa Jega, da na sha zama a rumfarsa. Ba ya ɗaukar sifana sai ya saurara. Yakan ce wa yaronsa, "Murɗa makulli, ɗana, mu ji mi taka cewa."

In ta yi tsit, giya yake fara dubawa, domin Massey Ferguson 135 ba ta sakin wuta zuwa kik sai ƙaramin sandan giya yana tsakiya. In ta yi "ƙas" ta tsaya, sai ya kunna fitila ya sa a sake murɗawa. Fitila ta dushe, to batir ne ko kawunansa. Na ga ya kwance kan batir da farin gari ya lulluɓe, ya wanke da ruwan zafi, ya kankare da wuƙa har darmar ta yi ƙyalli, ya ƙara ɗaure wayar da ke manne da jikin mota. Tantan ɗin da mai ita ya riga ya yi cinikin sabon kik ta tashi nan take.

In kuwa inji yana juyawa bai kama ba, salansa yake kallo. Injin gas ba shi da fulogi. Iskar da fistin ya matse ce ke yin zafi ta kunna man. Babu hayaƙi, mai ne bai iso ba. Sai ya duba ko an mayar da maɓallin kashe inji ciki, ya leƙa 'yar kwalbar gilashin da ruwa ke kwantawa a gindinta, musamman ga mai sayen man jarka. Daga nan ya sassauta kusar kan filta, ya yi ta danna hannun ƙaramin famfo har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, ya bi har bututun nozul. Farin hayaƙi kuma, da hunturu, hita ce ta mutu, ko ƙura ta ci zobban fistin. Wannan na ƙarshen ne kaɗai aikin kuɗi.

Abu biyu ya tsana, ni ma haka. Tsumman fetur da ake kangawa a mashigar iska yana tada inji yau, ya lalata shi gobe. Haɗa wutar kik da sukudireba kuwa, mutum na tsaye gaban babbar taya, in motar tana cikin giya kansa za ta bi.

Asalin ciwon dai daga ajiya ne. Ana gama aikin kaka a kafe mota a rana wata da watanni, tanki rabi yana tara raɓa, batir na zuƙewa. Sai ruwan Yuni ya sauka kowa ya tuna da ita, manomin da ya biya kuɗin huɗa yana jira, damina ba ta jiran kowa.

Masu tantan da ƙungiyoyin manoma, ku cire batir lokacin ajiya, ku cika tanki, ku riƙa mayar da batir ku tada ta duk mako biyu, ku sauya filta tun watan Afrilu. Waɗanda ke jibge kuma, kafin a kira 'yan gwangwan su yanka, a nemo tsofaffin makanikai su saurare su tukuna.