Tausayinmu Ma Sai Ya Tambayi Asali

A watan Yunin 2024 likitocin MSF da ma'aikatar lafiya ta Zamfara suka auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu tamowa ta kama shi. Muka ji, muka ce "talauci ne", muka wuce. Kalmar nan tana mana daɗi, don ba ta da ƙofar gida balle a kai mata sammaci.

Talauci kam akwai shi. Manomin da 'yan bindiga suka hana shuka, ko suka karɓi haraji kafin ya girbe, me ya rage a rumbunsa? Amma ba talauci ne ya saki mace da goyo, ya ɗauro amarya tun idda ba ta cika ba. Ba shi ne ke barin agola da ƙanzo ba, ba kuma shi ke sauke ɗan shekara shida a tashar Ƙaura da allo da roba, ko sabulu babu, a ce ya tafi karatu ba. Tun 2000 ake aiki da shari'ar Musulunci a jihar nan, kuma ciyar da ɗa wajibi ne kan ubansa, da aure ko babu. Kowa ya san hukuncin ɓarawon saniya. Na uban da ya tsere wa ciyarwa fa, a wace huɗuba muka ji shi?

Ga kuma wanda muka fi ƙin faɗa. In yaron ƙauye ya shigo gari gudun hijira, sai mu ce "Allah sarki". In na ruga ne, wanda shi ma an ƙone musu bukka an kore shanun, sai mu ce "ɗan ɓarayi". Uwarsa na tsoron kasuwa da asibiti saboda 'yan sa-kai, ciwonsa a daji zai ƙare. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989. Ku ƙirga mana rugagen Zurmi masu aji da malami a ciki. Kuma a garin da ke amsa sunan Namoda muke wannan wariya, shi da yake Bafulatani ne na Alibawa!

Yaron da muka kora daga bakin rijiya ba ɓacewa ya yi ba. A daji akwai masu ba shi tuwo, su haɗa masa da babur da bindiga.