Sulhu Ya Fara Daga Cikin Majami'a

A ranar Lahadi 15 ga Disamba, 2024, rikici ya ɓarke a ƙauyen Munga Dosa da ke ƙaramar hukumar Karim Lamido a jihar Taraba. An harbe wani matashi, an cinna wa gidaje wuta, yara biyu ƙanana suka rasa rayukansu. Abin da ya ƙara wa wannan masifa ɗaci shi ne waɗanda suka yi arangamar duk Kirista ne, 'yan ɗarikar Methodist, waɗanda 'yan watanni kafin nan suke zaune a benci ɗaya, suna rera waƙa ɗaya, suna cin jibin Ubangiji tare. A Fabrairun 2025 an sake taho-mu-gama a makarantar horar da fastoci ta Banyam da ke Bambur.

Asalin rigimar daga Amurka ya taso. A babban taron United Methodist na duniya da aka yi a birnin Charlotte a 2024, an soke dokokin da suka shafi masu auren jinsi. A Nijeriya, shugaban ɗarikar, Bishop John Wesley Yohanna, ya fice tare da mabiya masu yawa zuwa ɗarikar Global Methodist, wasu kuma suka zauna, suna cewa su ma ba su yarda da auren jinsi ba, amma ba za su bar ikilisiyar iyayensu ba. Daga nan maganar ta tashi daga koyarwa ta koma kan wa zai riƙe gine-gine, makarantu da filaye, har ta kai gaban kotu. Jaridar nan ba ta da hurumin raba gardamar tauhidi tsakanin ɓangarorin biyu. Abin da muke da hurumin faɗa shi ne babu wani ginin majami'a a Taraba da ya kai darajar ran yaro ɗaya, kuma addinin da ɓangarorin biyu suke bi bai bar su cikin duhu ba game da yadda ake warware saɓani.

Koyarwar a fili take. A Bisharar Matiyu sura ta 5, Yesu Almasihu ya umarci wanda ya kawo baiko wurin ibada, ya kuma tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi a zuciya, da ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Wato sulhu yana gaba da baiko. A sura ta 18 ya shimfiɗa hanyar mataki-mataki: wanda aka yi wa laifi ya sami ɗan'uwansa su biyu kaɗai, in bai ji ba ya koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan a kai maganar gaban ikilisiya. A nan ne almajirinsa Bitrus ya tambaya ko gafara sau bakwai ta isa, aka nuna masa cewa gafara ba abin ƙirgawa ba ce. Manzo Bulus kuwa ya tsawata wa masu bi na Korinti saboda suna kai ƙarar junansu kotunan gari, ya gaya musu cewa ɗaukar cuta ya fi musu wannan abin kunya. A Bisharar Yohanna sura ta 17, addu'ar da Yesu ya yi wa mabiyansa dab da a kama shi ita ce su zama ɗaya, ya kuma ɗaura gaskatawar duniya a kan wannan haɗin kai.

Akwai wani labari a Ayyukan Manzanni sura ta 6 da ya kamata kowane shugaban ikilisiya a Arewa ya riƙa karantawa. Ikilisiyar farko a Urushalima ta yi fama da ƙorafi mai kama da namu: masu jin harshen Helenanci sun ce ana tauye gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce masu ƙorafin 'yan tawaye ba ne. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. An damƙa amanar a hannun ɓangaren da ya yi kuka, kukan ya ƙare. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin rigingimun da ke raba majami'unmu a yau irin wannan ne. Ana sa musu rigar koyarwa, amma a ƙarƙashi akwai ƙabilanci, da kuɗin baiko, da tambayar ƙabilar wa za ta ba da bishop ko shugaban gunduma.

Wanda zai ce wannan koyarwa ta fi ƙarfin ɗan Adam, ya dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. An kafa ta a Garkida a 1923, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya, kuma tun asalinta ikilisiya ce mai ƙin ɗaukar makami. Da wuya a sami wata ikilisiya da Boko Haram ta yi wa ɓarna kamarta. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban wannan shekara aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. A Janairun 2020 aka kashe fastonta, Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika. Duk da haka shugabanninta ba su taɓa kiran mabiyansu zuwa ramuwar gayya ba. Sun ci gaba da aikin zaman lafiya tare da Musulmin Mubi, har aka ba su lambar yabo ta Michael Sattler a Jamus a 2016. A Gurku ta jihar Nasarawa, wani ɗan ikilisiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsuguni inda 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi suke zaune tare. Idan mutanen da aka ƙona wa majami'u suka iya riƙe hannunsu daga wanda ya ƙona, wane uzuri ne ya rage wa 'yan'uwan da ke zubar da jinin juna a kan takardar fili?

Haka ma Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Daga baya ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda a da suke gaba da juna, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka kuma taka rawa a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002 da ta Yelwan Shendam a 2005. Wannan ya nuna cewa sulhun cikin gida da zaman lafiya da maƙwabci abu ɗaya ne. Zuciyar da ta koyi yafe wa ɗan'uwa ita ce za ta iya zama da maƙwabci. Shi ya sa wannan magana ta shafi masu karatunmu Musulmi kamar yadda ta shafi Kirista. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan siyasar da ke cin riba da rarrabuwar kai ba su damu ba ko bangon masallaci ne ko na majami'a.

Sai dai kada wani ya ɗauka gafara na nufin a binne gaskiya. Akwai shugabannin da ke fakewa da wa'azin gafara don su rufe bakin wanda aka zalunta, su kuma ci gaba da riƙe abin da suka ƙwace. Littafi Mai Tsarki bai goyi bayansu ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da ya tuba sai ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Tuba na gaskiya yana tafe da mayar da haƙƙi. Saboda haka wajibi ne hukuma ta gurfanar da duk wanda ya kashe ko ya ƙona a Munga Dosa, ko daga wane ɓangare ya fito. Iyalan mamatan suna iya yafewa don Allah, amma gwamnati ba ta da ikon yafe jini a madadinsu.

Muna kira ga shugabannin ɓangarorin biyu na Methodist da su zauna fuska da fuska, su raba kadarori bisa adalci, su bar kowace majami'a ta bi inda yawancin mambobinta suka zaɓa, tare da kare haƙƙin marasa rinjaye. Muna kira ga CAN, wadda aka kafa a 1976 domin haɗa kan Kirista, da tarayyar ikilisiyoyi ta TEKAN mai tarihi tun 1955, da su kafa kwamitin dattawa na dindindin da zai shiga tsakani tun saɓani yana ƙarami, kafin ya kai ofishin 'yan sanda. Makarantun tauhidi su koyar da sasantawa kamar yadda suke koyar da wa'azi. Fastoci su daina zagin wata ɗarika daga kan bagade, matasa kuma su daina yaɗa kalaman tunzuri a Facebook da WhatsApp.

Ga kowane mai bi kuma, aikin ba ya jiran babban taro. Idan akwai ɗan'uwan da kuka daina gaisawa, ka same shi kafin Lahadi mai zuwa, ku shirya. Umarnin Ubangijinka ke nan, kuma ƙasar nan tana matuƙar bukatar ka cika shi.