Dakwaro: wa ke yanke inda matafiyi zai sami inuwa?

A Dakwaro babu motocin bas na cikin gari irin na kamfanin SOTRUNI a Yamai. Amma jiran mota akwai shi kullum: masu zuwa Maradi ta Kornaka da Tibiri, masu haurawa Bermo, da ƴan karkara masu komawa gida ran kasuwa. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma tsohuwa ko mai goyo kan yi awoyi tana jiran mota ta cika.

A doka, tasha da kasuwa na hannun ma'aikatar magajin gari, ita ke karɓar harajinsu. Daga 2004 zaɓaɓɓun kansiloli ke zama kan irin wannan aiki, su sa shi cikin tsarin raya gari. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun, suka naɗa kantomomi. Yau shawara na iya fita da sauri, sai dai babu kansilan unguwar da zai ce ga inda mutanena ke shan rana.

Kowa kuma da inda yake ja. Ma'aikata da sandikar direbobi sun fi son rumfa cikin tasha, inda ake yankar tikiti. Fasinja kuwa yakan tsaya bakin gari ko kusa da asibiti, don ya huta da kuɗin kabu-kabu. Mai shago na son taron jama'a, amma ba ya son a tare masa ƙofa. Idan aka bi mai ƙarfin murya, rumfar sai ta zama wurin ajiye babura, matafiya na can gindin bedi.

Maganin bai da tsada. A ƙirga masu jira a kowane wuri, ran kasuwa da sauran ranaku, a duba tsawon jiran, a fifita wurin da majinyata da mata suka fi yawa. A kauce wa hanyar ruwa, a toshe gefen gabas inda hadarin damina ke fitowa, a dasa itace ta yamma. Sannan a faɗi wanda zai gyara kwano idan iska ta yaye shi.

Kantoman da zai liƙa wannan ƙirga a ƙofar ma'aikata kafin a kafa ƙarfe, ya ba talakawa damar yi masa gyara tun kuɗinsu bai fita ba.