Wuƙar Likita da Ƙwaryar Fura: Tsayawar Nauyi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tiyatar rage ƙiba, wato aikin da likita kan yi ya ƙanƙance tumbin mutum domin ya rage ci, ta daina zama labarin ƙasashen Turawa kaɗai. 'Yan Nijeriya masu hali suna zuwa Masar da Indiya da Turkiyya a yi musu, wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja ma suna yin ta. Sai dai wanda aka yi wa aikin ba a Alƙahira zai tabbata ba. Gida zai komo, in ɗan Boɗinga ne ko Shagari, ya tarar da tuwon gero da fura da shayin safe suna jiran sa. Bayan wasu watanni kuma sai ma'auni ya tsaya cik, mako ya bi mako nauyi bai motsa ba. Nan take 'yan'uwa kan yanke hukunci cewa aikin ya ɓaci, an yi asarar dukiya. Wannan hukunci kuskure ne, kuma yana iya jefa majiyyaci cikin haɗari.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da wuƙar ta yi. Irin aikin da aka fi yi a duniya yanzu shi ne a yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siririn bututu mai kama da ayaba. Ɗaya irin kuwa, wanda Dokta Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka ya soma a shekarun 1960, shi ne a keɓe ɗan aljihu a saman tumbi a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran hanyar. Amfanin bai tsaya ga ƙanƙantar mazubi ba. Akwai wani sinadari mai tayar da yunwa, ana ce da shi girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999; mafi yawansa a saman tumbi ake sarrafa shi, daidai ɓangaren da ake cirewa. Don haka a watannin farko mutum ba ya iya ci da yawa, ba ya ma sha'awar ci.

To, amma jiki ba ya sallama ajiyarsa a banza. A 1995 Rudolph Leibel da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller suka nuna cewa idan mutum ya rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa a yini yakan ragu fiye da abin da raguwar nauyin kaɗai za ta haifar. Jiki yana ɗaukar ramar a matsayin fari, sai ya tsuke hannu kamar magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa tun kafin damina. Sannu a hankali abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ake ƙonawa, nauyi ya tsaya. Wani babban bincike da aka soma a Suwidin a 1987, wanda ya bi diddigin mutum fiye da 2,000 da aka yi wa tiyata, ya bayyana a 2007 cewa raguwar takan kai iyakarta tsakanin shekara 1 zuwa 2. Waɗanda aka tsallakar musu da hanji sun rasa kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a wannan lokaci, bayan shekara 10 kuwa kashi 25 ne ya rage a hannu. Ke nan tsayawa, har da ɗan komawa baya, suna cikin tsarin abin tun asali. Ko a mako na uku bayan aiki an saba ganin gajeriyar tsayawa, wadda sauyin ruwan jiki ke jawowa, takan kuma wuce da kanta.

Akwai wata tsayawar dabam wadda ba ta halitta ba ce, ita ce ta fi shafar ƙasar Sakkwato. Ƙaramin tumbi yana tare abinci mai ƙarfi ne, irin nama da wake, ya riƙe shi har mutum ya ji ƙoshi. Ruwa-ruwa kuwa wucewa yake yi kamar a rariya. A Boɗinga da Shagari, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, fura ba abin sha ba ce kurum, abincin rana ce, musamman a bazara. Wanda loma huɗu ta tuwo ke cika masa ciki zai iya kurɓar fura mai sukari ludayi bayan ludayi daga hantsi har la'asar, bai taɓa jin nauyin ciki ba. Haka kunu, haka shayi mai madarar gwangwani. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Sai kuma ciye-ciye: gyaɗa yanzu, dabino an jima, ƙuli-ƙuli da yamma. Irin wannan majiyyaci zai rantse ba ya cin komai, kuma ba ƙarya yake yi ba, domin a al'ada wanda bai ci tuwo ba bai ci abinci ba.

Matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda a ƙasar Hausa ba a cin abinci a kaɗaice. Akushi ɗaya ake zagayewa, kuma wanda ya tsame hannu da wuri sai an tambaye shi ko lafiya. Ƙiba har yanzu alamar wadata ce a idon jama'a da yawa, a yankin da tamowa ke addabar yara, inda wasu 'yan mata ke sayen magungunan ƙara jiki. Matar da ta rame bayan tiyata za ta sha tausayi daga surukai da maƙwabta: wannan ta kawo kunun gyaɗa, waccan ta aiko da fanke, ana cewa, "Hajiya, daure ki sha, kin lalace." Ƙauna ce, amma tana warware ɗinkin likita ba tare da an taɓa shi ba. Saboda haka duk bayanin da za a yi wa majiyyaci, wajibi ne a yi shi a gaban wadda ke riƙe da tukunyar gidan. Takardar tsarin abinci da aka rubuto da Ingilishi daga ƙasar waje, cike da sunayen cimakar da ba a sayar da su a kasuwar Shagari, ba ta da wani amfani a madafa.

Abin da ake bukata kuwa yana nan a ƙofar gida. Likitocin wannan fanni suna so majiyyaci ya sami aƙalla giram 60 na furotin kullum, wato sinadarin gina jiki, don kada tsoka ta zube tare da kitse. Tsoka ce ke ƙona abinci, in ta ragu tsayawar ta ƙara tsananta. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6. Ga kindirmo marar sukari, ga wake da alale, ga kifi da naman zabo, ga zogale. Ƙa'idar ita ce a fara da waɗannan, a tauna sosai, tuwo ya zo ƙarshe in da sauran wuri, a kuma jinkirta shan ruwa kamar rabin sa'a bayan ci. Ba a ce a rabu da fura har abada ba. A auna ta da ƙaramin kofi, nono ya rinjayi gero, a bar sukari.

Babban abin tsoro shi ne abin da mutum kan aikata in ya fid da rai. Wani ya ƙara matse cikinsa da yunwa, wani ya nufi masu tallar maganin rage tumbi a bayan mota, wanda sau da yawa na gudawa ne ko na fitsari, yana zubar da ruwan jiki ne kawai. Alhali wanda aka yanke wa tumbi ya riga ya raunana wajen tsotsar sinadarin ƙarfe da bitamin B12, rashinsu kuma na kawo ƙarancin jini, na biyun har da mutuwar jijiyoyin ƙafa. Yana bukatar ƙwayoyin bitamin tsawon rayuwarsa, da gwajin jini a kai a kai, wanda ba kowane asibitin karkara ke iya yi ba. Sai an dangana da Sakkwato, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mace kuma ana shawartar ta ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki, magana ce da ya dace maigida ya ji ta tun kafin a sayi tikitin jirgi. Iyalin da ke lissafin kuɗin tiyata su sa kuɗin bitamin da gwaji da motar zuwa Sakkwato na shekaru a cikin lissafin, kuma kada su baro asibitin da aka yi aikin sai da rubutaccen rahoto mai faɗin irin yankan da aka yi, domin shi ne abu na farko da likitan gida zai tambaya.