Kimiyya a Unguwarmu: Injin da ke juya bututu

Ranar Asabar da ta wuce na je wata rumfar masu walda a Sabon Gari, ina neman a yi mini ƙafar tankin ruwa. Na tarar maigidan yana yanka bututun ƙarfe da wutar gas, yaronsa kuma ya durƙusa yana mirgina masa bututun a kan katako biyu. Duk sa'ad da yaron ya gaji ya ɗan tsaya, sai wuta ta cinye wurin ta bar rami. In ya yi sauri kuma, ƙarfen bai huje ba. Da aka gama, layin yankan bai koma inda alli ya faro ba. Maigida ya yi ta faɗa. Ni dai ban ga laifin yaron ba, domin babu hannun da zai iya juya abu mai nauyi da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Wannan matsala ce ta sa aka ƙera injin juya bututu. Fasalinsa ba wuya: ana kwantar da bututu a kan tayoyi bibbiyu, injin lantarki yana juya wasu daga ciki, sauran suna ɗaukar nauyi kawai. Bakin wutar yana kafe wuri ɗaya, bututun ne ke zagayowa ƙarƙashinsa. Mai aiki yana da maɓallin ƙara gudu ko ragewa, wasu ma da ƙafa ake takawa kamar keken ɗinki.

Yanka kaɗai ba ya isa. Kafin a haɗa bututu biyu masu kauri sai an fiƙe bakinsu, kusan yadda kuke fiƙe fensir. Ana karkatar da bakin da digiri 30 ko 37.5, gwargwadon ƙa'idar aikin, a bar ɗan tudu da bai kai milimita 2 ba a can ciki. In an kusanto da su sai kwari mai siffar V ya fito, mai walda ya cika shi tun daga ƙasa. In ba a fiƙe ba, waldar sama-sama za ta kama, ido ya ga kyau, ciki kuwa fanko. A ƙafar tankina, wannan na iya jawo asarar tanki. A bututun gas, rayuka ake magana.

Ku tuna bututun AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, tsawon kilomita 614, faɗinsa inci 40. Ku ɗauko biro. Inci 40 kusan santimita 102 ne. Ku ninka da 22/7 ɗin nan da wasunku ke hamma in malam ya rubuta shi a allo, za ku samu kewayen baki kusan santimita 320. A ce wutar tana cin santimita 40 a minti ɗaya. Ke nan bututun zai yi zagaye guda a minti 8. Shi kuwa injin lantarki irin wanda aka saba gani yana juyawa kusan sau 1,450 a minti. Cikin minti 8 ya juya sau 11,600, bututu kuma sau ɗaya tak! Akwatin giya da girman tayoyin ne ke rage wannan gudu, su mai da shi ƙarfi. Abin da kuke yi ke nan in kun sauya giyar keke a hawan tudu.

Bututun da aka riga aka jona a fili ba ya juyuwa. A nan sai a ɗaura masa sarƙa ko zobe, injin yankan ya bi ta kai ya zagaye shi. Mai walda ma haka, dole ya bi gefe ya kwanta a ƙasa yana aiki ƙarfe na narkewa saman kansa. Shi ya sa ake gwada hannun masu waldar bututu kafin a ɗauke su, a kuma ɗauki hoton waldarsu irin hoton ƙashi na asibiti.

Wanda ke zuwa rumfa bayan an tashi makaranta, ya kiyaye. Injin nan a hankali yake tafiya, amma in ya kama hannun riga ko gefen hijabi ba ya saki. Kada a kusanci wuta da bututun da ya taɓa ɗaukar fetur, hayaƙin farin bututu mai rufin zinki kuma yana sa zazzaɓi.

Ku da ke Samaru, tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ƙofar gidanku, ga kuma Kwalejin Nuhu Bamalli. Dukansu sai da kiredit a lissafi da fiziks.

Ga tambayar wannan mako: idan faɗin tayar da ke juya bututun nan santimita 20 ne, sau nawa za ta juya kafin bututun ya zagayo sau ɗaya? Ku aiko da amsa tare da suna da aji da makaranta.