Amsar Takardu: A Kan Sake Gilashin Kwamfuta In Ya Fashe

Cikin takardun da suka taru mana a watan nan akwai da dama masu kuka iri ɗaya. Mutum gilashin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ya fashe, ya tattara kuɗi ya sayo sabo, aka zo ɗaurawa sai bakin waya ya ƙi shiga, ko ya shiga amma ba hoto. Mai kanti kuwa ya ce ba ya karɓar abin da aka riga aka ɓare. Mun ga ya fi kyau mu haɗa amsarsu wuri guda.

Tushen wahalan nan shi ne mutane su kan tafi kasuwa da sunan da ke bisa murfi, su ce a ba su gilashin HP, ko na Dell, ko na Lenovo. To, ba waɗannan kamfanoni ke ƙera gilashin ba. Saye su ke yi daga wasu, kamar AU Optronics da Innolux na Taiwan, da BOE na ƙasar Sin, da LG na Koriya ta Kudu. Don haka a kan sami kwamfuta biyu, suna ɗaya, kama ɗaya, amma gilashinsu dabam. Kama da wane, in ji masu iya magana, ba ta wane. Sunan gilashi na ainihi yana kan wata 'yar takarda da aka manna a bayansa, ba a ganinta sai an cire shi daga murfi. In ya fara da B156, na AU Optronics ne. N156 na Innolux. NT156 ko NV156 na BOE. LP156 na LG. Wannan 156 kuwa girmansa ne, watau inci 15.6 daga kusurwa zuwa kusurwa. In ka ga 140, inci 14 ke nan. Baƙaƙen da ke biye su ke faɗin irinsa, kada a yar da ko ɗaya wajen kwafewa.

Amma kafin a kai ga saye, lalle a tabbata gilashin ne ya mutu. In ya tsage, ga baƙi ya bazu ciki kamar tawada, ba sauran tambaya. In kuwa lafiya lau ya ke a ido, duhu kaɗai ya yi, sai a dakata tukuna. A haɗa kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito can, inji na da rai. In can ma shiru, ciwon ya fi yiwuwa a inji ya ke, sabon gilashi ba zai yi masa magani ba. Sa'an nan a kunna ta, a haska fuskarta da tocila kusa kusa. In an hangi rubutu dishi-dishi, hoto na nan, fitilar bayansa ce ba ta samun wuta. In kuma hoton ya kan zo ya ɗauke sa'ad da a ke motsa murfi, a tuhumi wayar da ta bi ta gwiwar murfin, gama buɗewa da rufewa kan cinye ta, kuɗinta kuwa bai kai na gilashi ba.

Yanzu sai batun bakin waya, nan ne aka fi yin hasara. Tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu na kayan hannu, da yawansu suna da baki mai haƙora 40 da a ke kira LVDS. A 2008 aka fito da wani tsari, eDP, tun wajen 2013 kuwa ya yi ta maye gurbin na dā, galibi da haƙora 30. Wannan da sauƙi, mai 30 ba ya shiga gidan mai 40. Inda tarkon ya ke, shi eDP ɗin ma yana da nasa mai haƙora 40, na gilashin da a ke taɓawa da yatsa da waɗanda hotonsu ya fi kaifi. A ido ba a cika rarrabe su ba, wani lokaci har su shiga gidan juna daidai, amma inda wannan ke kai hoto, can wancan ke kai wuta. A kunna kawai, sabon gilashi ya ƙone, wani sa'in ya tafi da allon inji. Shigar baki ba shaida ba ce, lambar baya ita ce shaida.

Wasu sun tambaya ko za su iya ɗaura mai ɗigo 1920 da 1080 a madadin mai 1366 da 768. Ya kan yiwu in dukansu eDP ne masu haƙora 30, amma ba kullum ba. Ƙaramin hanya ɗaya ta ishe shi cikin waya, babban sai biyu, wasu kamfanoni kuwa hanya ɗaya tak suka sa. In haka ne, sai an sake wayar ita ma. Mu dai a namu ganin, wanda ke cin abinci da kwamfutarsa ya nemi irin wanda ya fashe, ya huta.

A duba kuma ko bakin yana wajen dama ko hagu, da kaurin gilashin, da ko yana da kunnuwan da a ke ɗaure shi da noti, ko kuwa manne shi a ke yi da gam.

Ga masu gyara, samari, wannan naku ne. Kashe kwamfuta bai isa ba. A zare caja, a cire batir, ko da na ciki ne, kana a taɓa wayar gilashi. Cikin kwamfutoci da yawa wutar fitila na tsaye a bakin wayan nan muddin batir na haɗe. Haƙori ya gogi ɗan'uwansa, wani ɗan fis da ke kan allon inji ya tsinke, sabon gilashi ya tashi da duhu, a ɗora wa mai kanti laifin da ba nasa ba. Bayan an haɗa, a mai da batir a gwada tun ba a ɓare ledar da ke fuskarsa ba, tun ba a manna kome ba. Mai saye kuma ya tafi da tsohon gilashin a hannu, a yi sharaɗin mayarwa kafin a ƙirga kuɗi. Wassalam.