Kada a naɗe shi cikin adaidaita sahu

Ranar Talatar da ta wuce, da la'asar sakaliya, ina dawowa daga kasuwa na iske taro a bakin titi. Mota ce ta buge wani saurayi mai babur. Yana kwance rigingine, idonsa biyu, yana salati, yana cewa wuyansa na ciwo, kuma yana jin kamar kiyashi na bin hannuwansa. Kafin in kutsa cikin taron, samari huɗu sun riga sun sure shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, kansa na reto, suka naɗe shi a kujerar bayan adaidaita sahu. Wani dattijo na biye da su yana ƙoƙarin ɗura masa ruwan leda. Babu wanda ya nufe shi da sharri a wurin, kuma Allah Ya ba su ladan niyyarsu. Amma tun ranar hankalina bai kwanta ba, saboda wannan kan da na ga yana reto.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar Babbar Sallah, lokacin da ake sara gadon bayan rago, ya san laka: farar abar nan mai laushi da ke kwance cikin ramin ƙashi, wadda ko da yatsa aka danna sai ta dame. Irinta ce a bayan kowannenmu. Tsawonta a jikin baligi kamar santimita 45 ne, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Daga gindin ƙwaƙwalwa ta taso, ta bi ta cikin ƙasusuwan wuya da na baya, ta tsaya sama da ƙugu kaɗan. A kan hanya jijiyoyi na fita daga jikinta bibbiyu, dama da hagu, har sau 31, suna rassa zuwa hannu da ƙirji da ciki da ƙafa.

A nan harshenmu yana ɗan rufe mana ido. Mukan ce jijiya ga hanyar jini, mu ce jijiya ga igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, mu kuma ce jijiya ga wayar da ke ɗaukar saƙo. Ta ukun nake nufi. Ba jini take ɗauka ba, wata 'yar wutar lantarki ce ke gudu a cikinta, wadda a manyan jijiyoyi takan ci mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Ƙwaƙwalwa, mai ƙwayoyin saƙo kusan biliyan 86, ita ke ba da umarni, amma in ban da jijiyoyi 12 bibbiyu da ke fita daga cikinta kai tsaye zuwa ido da kunne da fuska da harshe da wasu kayan ciki, sauran umarnin duk ta laka yake bi. Ka yi niyyar ɗaga ƙafa, saƙo ya gangara ta cikinta. Ƙaya ta soke ka, labari ya hau ta cikinta. Wani lokaci ma ba ta jiran ƙwaƙwalwa: uwargida ta taɓa murfin tukunya mai zafi, hannu ya riga ya janye kafin ta ji zafin, domin laka ce ta yanke hukuncin da kanta.

Shi ya sa wurin da laka ta ji rauni shi ke faɗin abin da mutum zai rasa. In a tsakiyar baya ne, ƙafafu su mutu, hannuwa su tsira. In a wuya ne, hannu da ƙafa duka. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kuma jijiyar da ke motsa tantanin numfashi tana fitowa ne daga tsakanin na uku zuwa na biyar, don haka raunin da ya hau sama da nan yana iya tsayar da numfashi baki ɗaya. Abin da ya samu ɗan wasan fim ɗin Amurka Christopher Reeve ke nan, wanda ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karya ƙasusuwa biyu na saman wuya. Da duk dukiyarsa da likitocin ƙasarsa, a kan keke ya ƙare rayuwarsa a 2004.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne laka ba ta ɗoruwa. Ƙashi ya karye, a ɗora shi ya haɗe. Jijiyar hannu ta yanke, in likita ya ɗinke ta takan sake tofowa a hankali, kamar milimita ɗaya a yini. Amma laka in ta tsinke, har yau babu asibitin da ke mayar da ita yadda take. Kuma sau da yawa haɗarin ba ya tsinke ta nan take. Yakan karya ƙashin da ke kewaye da ita ne, ya bar ta da rai ko da ɗan rauni, tana kwance tsakanin tsagaggun ƙasusuwa. Mutum na nan yana motsa yatsunsa. Sai mu masu taimako mu zo mu lanƙwasa wuyan, ƙashin ya goce, mu ƙarasa abin da mota ta fara. Garin neman gira a rasa ido.

Mutane sukan ɗauka raunin laka rashin tafiya ne kawai. Wanda ya yi jinyar irin wannan majiyyaci ya san abin ya wuce nan. Riƙe fitsari da bayan gida ta laka yake bi, sai ya kuɓuce. Fata ba ta jin nauyin kwanciya, sai gyambo ya ɓulla a ƙugu da diddige ba tare da mai shi ya sani ba. Wannan gyambo da ciwon mafitsara su ne suka riƙa kashe irin waɗannan majiyyata da wuri, har zuwa lokacin da likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashensu a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya kafa dokar juya majiyyaci kowane awa biyu, dare da rana. A gidajenmu wannan aiki kan uwa ko mata yake faɗawa, shekara da shekaru, ga wanda ke ciyar da gidan shi ne a kwance.

Na san abin da mai karatu zai ce: malam, in ba mu ɗauke shi ba, wa zai ɗauke shi? Motar asibiti yaushe za ta zo? Gaskiya ne, kuma wannan laifin hukuma ne. Ban ce a zuba masa ido ba. Na ce a ɗauke shi yadda ya kamata. Duk wanda ya faɗo daga babur, ko bishiya, ko saman gini, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce gaɓoɓinsa sun yi sanyi, ko ya suma, a ɗauka lakarsa na cikin haɗari. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu daidai da gangar jiki, kada ya saki. Kada a zaunar da shi, kada a ce ya gwada tashi, kada a ba shi ruwa. In yana sanye da hular kwano a bar ta, sai in ta hana shi numfashi. A kira hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122. In babu mai zuwa, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako ko bencin mai shayi, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi a kai gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare. A tare gefen kansa da naɗaɗɗun riguna, a sa shi a motar da zai miƙe sosai, ko da a-kori-kura ce. Haɗari irin na wuta ko wata motar da ke tahowa ne kaɗai uzurin janye shi da gaggawa, shi ma a ja shi a miƙe.

Kuma don Allah, asibiti za a nufa, ba gidan mai ɗori ba. Ina girmama masu ɗori, sun yi wa jama'a aiki tun kaka da kakanni. Amma karayar wuya da baya ba ta ja da murɗawa ba ce. Tana bukatar hoto tukuna, a ga inda ƙashin yake da inda laka take, irin aikin da ake yi a asibitin ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa.

Wannan darasi bai kai na minti goma ba. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu, ku ne farkon isa wurin haɗari, ku nemi ma'aikatan lafiya su zo tasha su nuna wa mutanenku da katako a hannu. Malaman makaranta ku gwada wa ɗalibai a filin wasa. Kai kuma mai karatu, ranar da ka iske irin taron da na iske, kada ka tsaya a baya kamar yadda na makara. Kutsa ciki, ka durƙusa ka riƙe kan, ka ce kowa ya dakata a kawo katako.